Ƙasar Da Aka Ci Da Sikeli Da Alƙalami: Ziyara A Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

In aka ambaci zuwan Turawa ƙasar Hausa, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne ganuwar Kano da aka fasa da igwa, da filin Giginya, da shahidan Burmi. Haƙƙinsu ne kuwa a tuna da su, Allah Ya jiƙan su da rahama. Amma fa galibin garuruwanmu ba su taɓa jin ƙarar bindigar Nasara ba. Mulkin ya iske su ne sannu a hankali, ta bakin malamin haraji, da kan sikelin auduga, da turakun da aka kakkafa a gefen daji. Irin wannan cin ƙasa shi ya fi daɗewa a jikin jama'a, domin an daina harbi tun 1906, amma takarda da sikeli suna nan a hannunmu har gobe. Saboda haka a wannan mako za mu bi da masu karatu ta kudu maso yammacin Jihar Katsina, watau Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda muka kai ziyara da kaka, mu duba sawun da daular Ingila ta bari a wurin da ba a san shi da wani babban fagen daga ba.

Yadda ƙasar take

Mai tasowa daga birnin Katsina yakan bi ta Dutsin-Ma da 'Yantumaki ya faɗa Ƙanƙara. Tun daga nan ido zai shaida masa ƙasa ta sake. Rairayin arewa ya ƙare, an shigo laka da jar ƙasa, ga duwatsu jibga-jibga suna tsaye a tsakiyar gonaki, ga ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, dawa kuwa ta fi mahayin doki tsawo. Daga Ƙanƙara hanya ta miƙe kudu ta haɗu da babban titin Funtuwa zuwa Gusau a Sheme, cikin ƙasar Faskari. Sabuwa tana can ƙurya, a bayan Ɗandume, ta jingina da ƙasar Zazzau da ta Birnin Gwari. Yamma da su duka ukun daji ne, wanda ya sarƙe da na Zamfara.

Mutanen da suka san tarihi ba su ɗauki wannan yanki bayan gari ba. Tun zamanin sarakunan Haɓe akwai Pauwa, wadda har yau hakimin Ƙanƙara ke amsa sunan sarautarta, akwai Birnin Kogo, akwai Maska da Gozaki ta gabas. Ta yamma kuma, kusa da Tsafe, akwai 'Yandoto, garin malamai wanda ya shahara da karatu tun kafin jihadi. Sarkin Gusau kansa Sarkin Katsinan Gusau ake ce masa, abin da ke nuna iyakar da ke tsakanin Katsina da Zamfara a yau ba ta raba dangi ba. Ƙasa ce ta noma da saƙa da rini da ƙira, kuma fatake na ratsa ta zuwa Nufe da Gwanja. Sai dai a ƙarshen ƙarni na 19 ta sha wuya, gama mahara daga Maraɗi suna gangarowa ta dajin Ruma, mayaƙan Kwantagora kuma suna tasowa ta kudu suna kama bayi. Wannan ya sa mutane da yawa suka takure a gindin duwatsu da cikin garuruwa masu ganuwa. Wajibi ne mu faɗi haka, domin wanda ya ɓoye raunin gida ba zai fahimci yadda baƙo ya sami ƙofa ba.

Daga ina al'amarin ya taso

Abin da ya same mu reshe ne na wata doguwar bishiya. Turawan Ingila sun fara da ciniki ne. A shekarar 1600 aka ba wani kamfani nasu izinin fatauci a ƙasashen Indiya, ya yi ta saye da sayarwa shekara ɗari da hamsin, sa'an nan a 1757 ya ci yaƙin Falasi, daga baya ya zama mai karɓar harajin Bangal. Bayan boren 1857 aka kawar da sarkin Mugal na ƙarshe daga Delhi, a 1858 gwamnatin Ingila ta karɓi mulkin da kanta. A 1882 suka mamaye Masar, a 1898 suka karya daular Mahadi a Omdurman. Lugga, wanda ya ci ƙasarmu, a Indiya aka haife shi a 1858, ya kuma yi aikin soja a Afganistan da Bama da Uganda kafin ya zo nan. Watau dai ya zo da darasin da aka riga aka karanta a kan wasu Musulmi.

A nan ma kamfani ne ya share fage. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda ƙasashen Turai suka shata ƙa'idar rabon Afirka ba tare da ɗan Afirka ko ɗaya a zauren ba, sai Ingila ta ba Kamfanin Neja na Joji Goldi takardar izini a 1886. Kamfanin nan ya kai wa Bida da Ilori yaƙi a 1897. Daga bisani gwamnati ta biya shi diyyar fam 865,000, ta kuma bar masa rabin kuɗin ma'adinan da za a haƙa a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Ranar 1 ga Janairu, 1900, Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya yi shelar mallakar ƙasar da mafi yawanta bai ko taka ba.

Yadda Turawa suka kusanto yankin da muke magana abin lura ne ƙwarai. A 1901 suka ci Kwantagora, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya tsere arewa da rundunarsa, ya yada zango a wajajen Kaya da Maska, watau maƙwabtan Ɗandume da Sabuwa, yana cin ƙauyukan Zazzau. Da abin ya ishi Sarkin Zazzau Kwasau sai ya nemi gudummawar Turawa. Suka zo a 1902 suka kama Ibrahim, suka kuma kafa bariki a Zariya. Ba a daɗe ba suka tuɓe Kwasau ɗin da ya kira su, ya ƙare kwanakinsa a Lakwaja. Sarakuna biyu Musulmi suka kasa sasanta tsakaninsu, na uku ya zo rabon faɗa ya gaje gidan. Wannan ibra ce ga mai hankali.

Shekarar 1903

Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Kano ta faɗi. A ƙarshen watan nan aka yi karo da rundunar Kanawa da ke komowa daga Sakkwato a kusa da Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya yi shahada. Mai tafiya Gusau daga Sheme, in ya wuce 'Yankara da Tsafe, zai ga dutsen Kwatarkwashi a gabansa. Nan ne yaƙi ya fi matsowa kusa da Faskari. Ranar 15 ga Maris aka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira, ya biyo ta Gusau ya nufi gabas, ya ratsa tsakanin Kano da Zazzau, talakawa da malamai da sarakuna suna barin gidajensu suna bin sa, har aka tsare shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Wanda ya san ƙasar ya san mai barin Gusau ya fuskanci gabas, kudancin Katsina ne a gabansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yanzu.

Waɗanda suka zauna ba su zauna da jahilci ba. Wazirin Sakkwato Buhari ya shawarci malamai, ya kuma rubuta risala yana bayyana hujjarsa, cewa idan aka rinjayi Musulmi, aka ji tsoron halakar jama'a, ya halatta a yi mu'amala da mai rinjaye a zahiri muddin bai hana salla da azumi da sauran shika-shikan addini ba. Malamai sun saɓa a kan wannan mas'ala a lokacin, kowane ɓangare da dalilinsa, mu kuwa ba mu isa mu yi wa ɗayansu hukunci muna zaune a inuwa ba. Katsina ta bi hanyar Waziri. A ƙarshen Maris Lugga ya iso, Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da yaƙi ba. Da wannan sallamawa ta birni Pauwa da Kogo da Maska suka shiga hannun Ingila, alhali galibin mutanensu ba su taɓa ganin Bature ba.

A jawabin da Lugga ya yi a Sakkwato ranar 21 ga Maris ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba. Amma a cikin jawabin nan ya ce duk abin da sarakuna suka mallaka da takobi ya koma hannun Ingila: ikon naɗawa da tuɓewa, da ikon sa haraji, da ikon ƙasa. Katsina ta ga fassarar wannan magana da wuri. Cikin shekara huɗu aka tuɓe Abubakar, aka naɗa Yero, aka tuɓe shi, a ƙarshen 1906 aka ɗauko Durɓi Muhammadu Dikko daga wani gida dabam aka ba shi sarauta.

Ƙanƙara: alƙalamin haraji

A Ƙanƙara mun sauka wajen wani malami abokin karatunmu, muka zaga kasuwa da ƙofar fada da inda ake haƙar farar ƙasa, wadda manyan motoci ke kwasa zuwa masana'antu na nesa. A ƙofar fadar hakimi ne ya kamata mai neman sawun Turawa ya tsaya, domin gunduma irin wadda muka sani, mai iyaka a takarda da hakimi zaunanne da malamai da littafin kuɗi, tsarinsu ce. Kafin zuwansu yawancin masu sarauta a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, jakadu ke kai da kawowa. Turawa suka kawar da jakadu, suka harhaɗa garuruwa gunduma gunduma, suka ce kowane hakimi ya fita ya zauna cikin jama'arsa, ya ƙirga su, ya tara kuɗi.

A da manomi na biyan kuɗin ƙasa, mai rini na biyan kuɗin karofi, mai lambu na biyan kuɗin rafi, makiyayi na biyan jangali, ana kuma fitar da zakkar hatsi. Dokokin 1904 da 1906 suka tattara waɗannan suka mai da su haraji guda, aka raba tsakanin gwamnati da En'e. A nan ne alkawarin Lugga ya fara yagewa, gama zakka ibada ce mai nisabi da masu cin ta da Alƙur'ani ya ƙayyade, sai ga ta an narka cikin kuɗin da ake biyan albashin Razdan da soja. Aka fito da malaman taki, suna auna gona da ƙafa suna rubutawa. A Katsina ne kuma, zamanin Mista Palmer da Sarki Dikko, aka fara baitulmalin En'e, kafin a baza tsarin a sauran masarautu wajen 1911. Sunan na Larabci ne, an ɗauko shi daga littattafan fiƙihu, amma kasafin sai Razdan ya sa hannu.

Babban abin da ya juya rayuwar talaka shi ne sharaɗin biya da kuɗin Bature. An hana shigo da wuri a 1904, sannu a hankali aka daina karɓarsa. Mutumin da rumbunsa ke cike da dawa, matarsa na kaɗi, ƙanensa na saƙa, bai rasa komai ba sai sule da sisi. Kafin ya same su dole ya noma abin da kamfani ke saye, ko ya tafi cin rani, ko ya ci bashi. Wanda ya kasa, a shanya shi a rana a ƙofar dagaci, ko ya gudu da dare ya bar gonar gado. Dattawa a yankin nan har yau suna ba da labarin wannan wulakanci kamar jiya aka yi. Harajin nan ya rayu bayan tafiyar masu shi, sai a 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke shi a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin.

Shari'a ma haka aka yi mata. An bar alƙalai a kujerunsu suna hukunci da littattafan Malikiyya, amma aka hana haddi, aka ce hukuncin kisa sai Gwamna ya tabbatar, aka ba Bature ikon duba littafin alƙali ya soke abin da bai gamshe shi ba. Dokar 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a ƙarƙashin ikon Gwamna, ma'adinan da ke cikinta kuma suka zama na gwamnati. Mai kallon motocin farar ƙasa suna fita daga Ƙanƙara, yana kuma kallon halin da masu haƙar ke ciki, ya san wannan ƙa'ida ba ta tsufa ba.

Faskari: sikelin auduga

Daga Sheme muka ratse zuwa Daudawa. Baƙo zai ɗauka ƙauye ne kamar kowane, alhali kuwa akwai lokacin da ake ambaton sunansa a ofisoshin Mancesta. Dalili shi ne masaƙun Lankasha, waɗanda su ne jijiyar arzikin Ingila a ƙarni na 19, da audugar Amurka suka dogara. Da yaƙin basasar Amurka ya tsayar da ita daga 1861 zuwa 1865, masaƙu suka rufe, ma'aikata dubbai suka shiga yunwa. Tun daga nan masu masaƙu suka ƙudura sai sun sami gonar auduga a cikin daularsu. A 1902, shekara guda kafin a ci Kano, suka kafa ƙungiyar noman auduga da aka sani da BCGA, wadda har yau wata unguwa a Funtuwa ke amsa sunanta. Da zancen audugar Arewa aka shawo kan majalisar Ingila ta yarda a shimfiɗa dogo, ya iso Kano a 1911.

A Kano dabarar ba ta ci ba. Ƙungiyar na sayen laba ɗaya a kan kwabo, masaƙan gida kuwa na biyan fiye da haka, domin tufafin Kano tun da daɗewa ana kai su har Tambutu da Gat da Tarabulus. Manoman Kano suka duba, suka zaɓi gyaɗa. Sai Turawa suka juyo ga ƙasar laka ta arewacin Zazzau da kudancin Katsina da gabashin Sakkwato. A 1912 suka shigo da irin Amurka mai suna Allen. A tsakiyar shekarun 1920 aka buɗe gonar iri a Daudawa, inda ake riɓanya irin da aka tace a Samaru, a raba wa manoma ta hannun hakimai da dagatai. Aka ja reshen dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Aka kafa injunan gurza a Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Funtuwa da take ƙaramin gari ta bunƙasa, har Sarkin Maska ya bar tsohon birninsa ya koma can. A Daudawa da kewayenta ne kuma aka yi ta koya wa mutane huɗa da garmar shanu.

To, a lura da yadda aka ɗaure al'amarin ta kowace fuska. Iri kyauta ne, amma daga hannun hukuma. Kasuwa an ƙayyade ta, ba a sayar da audugar sai a inda aka yarda da ranar da aka yarda. Malamin auduga shi ke cewa wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu. Sikeli na mai saye ne, farashi kuma daga wata ƙasa ake yanko shi. Lokacin buɗe kasuwa ya zo daidai da lokacin karɓar haraji, har ya zamana sau da yawa kuɗin ba ya kwana a aljihun manomi. Auduga ta tafi Ikko a jirgin ƙasa, ta haye teku, ta komo a matsayin akoko da atamfa, ta kashe kasuwar masaƙin da ke maƙwabtaka da wanda ya noma ta. Wani tsoho da muka zanta da shi a Daudawa ya nuna mana inda layin jakuna ke kaiwa ranar kasuwa a ƙuruciyarsa, ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne mahaifinsa bai taɓa sanin abin da allurar sikeli ta nuna ba, sai abin da aka faɗa masa.

Abin mamaki, jikokin waɗanda suka bi Attahiru don guje wa Nasara, da suka isa Sudan sai suka tarar da tutar Ingila ta riga su. Da aka buɗe babbar gonar Jazira a 1925, bayan an gama madatsar Sennar, da yawa daga cikinsu suka zama 'yan ƙwadagon tsinkar auduga, saboda masaƙun nan dai na Lankasha. Wanda ya yi hijira da wanda ya zauna, sikeli guda ya auna guminsu. Wajen 1920 daular nan ta mallaki kusan rubu'in doron ƙasa.

Bayan wannan akwai aikin tilas, na dogo da na hanya da ɗaukar kayan Bature in ya fito rangadi. A yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka yi ta ɗibar mutane daga lardunan Arewa, har da Katsina, zuwa haƙar kuza a Jos, inda sanyi da cuta suka kashe da yawa. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga mai yanke farashi ta riƙe rarar, 'yan ƙasa suka gaje ta, ba a rushe irin waɗannan hukumomi ba sai 1986. Yau masara da waken suya da shinkafa sun ci yawancin gonakin audugar.

Sabuwa: turakun daji

Hanyar Sabuwa ta Ɗandume muka bi, da hantsi, bisa shawarar mutanen gari, domin ba a son yamma ta yi wa matafiyi a wajen. Mun wuce shingayen jami'an tsaro, mun ga gonaki masu albarka, mun kuma ga waɗanda ciyawa ta cinye saboda masu su sun ƙaura. A cikin gari akwai iyalai da suka baro ƙauyukansu suna zaune a gidajen dangi. Ƙasa ce da in an bar ta lafiya za ta ciyar da jiha guda.

Gaskiya ta wajaba a faɗe ta ko a kan wanda ba a so. Mulkin Turawa ya tsayar da hare-haren Maraɗi da Kwantagora. Dokar 1901 ta haramta cinikin bayi, ta ce duk ɗan da aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar ɗa ne, a 1936 aka soke bautar ɗungum. Mutane suka sauko daga duwatsu, baƙi daga arewacin Katsina da wasu wurare suka kwararo kudu suna saran daji suna kafa unguwanni. Yawancin ƙauyukan da ke tsakanin Faskari da Sabuwa albarkacin wannan kwanciyar hankali suka yaɗu.

Amma dajin da ya rage, sai aka yi masa doka. Tun daga dokar gandun daji ta 1916 En'e ta riƙa keɓe dazuzzuka ana kafa musu turaku, a hana noma da saran itace da farauta sai da takarda. Haka aka yi wa Kogo da Ruma, haka aka yi wa Kamuku ta Birnin Gwari a 1936. Kiyaye daji abu ne mai kyau, ba mu musa ba. Illar ita ce an shata wurare masu faɗin gaske, an raba su tsakanin larduna uku, Katsina da Zariya da Sakkwato, kowane Razdan iyakarsa bakin turakunsa, ba a kuwa sa kowa a ciki ba sai ɗan gandun daji da sandarsa. Makiyayin da ke yawo a ciki hukuma ba ta san shi ba sai ranar jangali, a ƙirga shanunsa a karɓi kuɗi a tafi. Ba a gina masa makaranta ba, ba a kai masa alƙali ba, ba a ba shi takardar mallakar ko taki ɗaya ba. Dogo da titi sun bi inda auduga take. Inda babu abin ɗauka, ba a kai komai ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don 'yan ƙalilan aka yi ta, waɗanda za su riƙe ofis, makarantun allo da na ilimi kuwa, da harafin ajami da kowa ke karantawa, aka bar su a waje da taskar hukuma.

Kowa ya san abin da dazuzzukan nan suka zama. A watan Yuni na 2020 aka kashe mutane da dama a Kadisau ta ƙasar Faskari. Ranar 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shige da su daji, aka sako su bayan kwana shida. Ba za mu ɗora wa Lugga jinin da 'ya'yanmu suka zubar da hannunsu ba, kowane mai laifi shi zai ɗauki kayansa ranar hisabi. Turawa sun yi shekara 57 suna mulkin Katsina, mu kuwa mun haura 60 muna mulkin kanmu. Abin da muke cewa shi ne sun bar mana wani siffar hukuma, mai zuwa karɓa ba ta zuwa bayarwa, mu kuma muka riƙe ta yadda muka same ta, muka ƙara mata da namu son zuciya.

Abin da ya rage a wuyanmu

Mafi yawan masu karanta wannan shafi 'yan kasuwa ne da ma'aikatan gwamnati, watau magada sikeli da magada alƙalami. Ga ɗan kasuwa muna cewa: in ka je Ɗandume ko Sheme sayen hatsi, kai ne a mazaunin da wakilin kamfani ya zauna jiya. Manomin da ke gabanka ya yi noma cikin tsoro, wataƙila ma sai da ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe. In ka danne masa mudu, ko ka ba shi bashin taki da damina don ka karɓe amfaninsa da rabin kuɗi da kaka, to ka sani akwai sura sukutum a Alƙur'ani da aka saukar a kan masu tauye awo, ba ta kuma ware baƙi da 'yan gida ba.

Ga ma'aikaci kuma muna cewa: kujerar da kake kai asalinta don tara haraji aka sassaƙa ta, kai ne za ka mai da ita ta hidima. Malamin makarantar da aka tura Sabuwa ya zauna Funtuwa yana karɓar albashi, da jami'in da ya yanka burtali ko gandun daji ya sayar wa mai kuɗi, da wanda ya rubuta an gina asibiti a ƙauyen da ko tubali ba a kai ba, duk suna ƙarasa aikin da baƙo ya fara, sun ma fi shi laifi, domin shi bai yi shahada da su ba, bai kuma haɗa kabari da mutanen ba. Malamanmu na jihadi sun rubuta littattafai a kan haƙƙin talakawa bisa masu mulki tun kafin Bature ya san hanyar Lakwaja, suna nan a ɗakunan karatu na Sakkwato da Zariya da Kano, ba abin da ya hana mu buɗe su.

Muna kuma roƙon malamai da ɗaliban wannan yanki su zauna da tsofaffin da suka ga kasuwar auduga da malaman haraji da idonsu, su rubuta abin da suka ji da boko da ajami tun ba su ƙare ba. Tarihin Giginya da Burmi an rubuta shi, na Daudawa da Pauwa da Birnin Kogo kuwa mafi yawansa yana cikin ƙirazan mutane ne.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda suka yi hijira da waɗanda suka zauna suka yi haƙuri. Allah Ya mayar da mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa gonakinsu lafiya, Ya shiryi masu ɓarna ko Ya isar mana a kansu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Amin.